Daƙiƙa goma

Kun dai san wanda ya ari kyamarata ranar suna, ba sai na kama suna ba.

Ranar Asabar na ɗauke ta ko dubawa ban yi ba, na nufi tsohon layin dogon nan na tsakanin Zariya da Kano, ɗan siririn mai faɗin milimita 1,067 wanda ya iso Kano tun 1911. An ce mini jirgin kaya zai wuce "da safe".

Shirina ba a cewa komai. Na tsaya a bayan kwana, taku goma daga dogo, don tarago ya fi dogon faɗi. Na ba rana baya. Saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa, ƙofar haske f/8, ƙarfin kama haske, wato ISO, 400 saboda hazo. Na saita idon kyamara a kan tsakuwar inda nake son kan jirgin ya faɗo, na kashe saitin kansa don kada ƙura ta ruɗa shi. Gilashi ɗaya na ɗaura wa kyamarar tun daga gida, wanda ya canza gilashi a hunturu shi da ɗigo-ɗigo a hoto sai Allah.

Azahar ta yi, rana ta juya, na kwashi sandar kyamara mai ƙafa uku na koma yamma da layi. Nan na haɗu da Baba mai rake. "Ɗana, jirgin nan ai jiya ya wuce." Sau huɗu yana faɗa, duk faɗa ɗaya sai na sayi gaɓa biyu don kunya. Raken ma ba zaƙi. Canjina na naira 200 kuwa wai sai ya yi ciniki, alhali a dajin nan ni kaɗai ne cinikin.

Bayan la'asar sai ga hon. Ƙasa ta fara rawa, kan jirgi ya karyo kwana, rana ta haske goshinsa, direba har da ɗaga hannu. Na danna.

Ƙit. Ƙit. Ƙit. Wuta na ƙyaftawa.

Ashe mutumin naku ya bar ta a kan jiran daƙiƙa goma, wanda ya sa don ya ruga ya shiga hoto da masu jego. Jirgin da ke tafiyar kilomita 30 a awa yana cin sama da mita 80 a daƙiƙa goma. Ina tsaye, yatsa a sama, ina kallon hotona yana wucewa a hankali, kyamara na ta ƙirga mini. Direba ya gaji ya sauke hannu. Har na ce mata "Don Allah!" a fili, Baba kuma ya ji.

Da ta ga dama ta ɗauka: gefen tarago mai tsatsa, cike da hoto, tas kuwa ya fito, har kan ƙusoshi ana ƙirgawa.

Baba ya leƙo ya daɗe yana kallo. "To ina jirgin?"

Sai da na hau babur na tuna da canjin.