'Yar baƙar fata a Bronx, 'yar talaka a Funtuwa: wa ke tsaya musu?

Yawancinmu iyayen da muka baro gida muka zauna a Amurka ba mu ɗauka 'ya'yanmu mata na buƙatar wata ƙungiya ta tsaya musu ba. A ganinmu mun gama musu komai: ga makaranta kyauta, babu talla, babu mai yi musu zancen aure sai sun gama jami'a. Idan aka ce ga taron masu kula da 'yan mata baƙar fata, sai ka ji uwa ta ce, "Ai wannan na baƙaƙen Amurka ne, mu 'yan Afirka ne." To malamin aji da ɗan sandan da ke tsaye a ƙofar makaranta ba sa tambayar yarinya garin kakanta. 'Yar Bahaushen Kumasi da ke nan Bronx, a birnin New York, da wadda kakanninta suka yi bauta a gonakin audugar Jojiya, ido ɗaya ake kallonsu da shi.

Alƙaluman Ma'aikatar Ilimi ta Amurka na shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012 sun nuna cewa cikin kowace ɗari ta 'yan mata baƙar fata an dakatar da 12 daga makaranta, farare kuwa 2 kacal. Ninki shida ke nan. Farfesa Kimberlé Crenshaw da abokan aikinta ne suka fito da maganar fili a rahotonsu na 2015, lokacin da hankalin kowa ke kan samari baƙaƙe. Laifuffukan kuma galibi ba na ɗaukar makami ba ne. Tsiwa ce, ko mayar wa malami magana, ko sutura, ko kitso. A shekarar ce aka ga bidiyon nan na wata sakandare a Karolina ta Kudu, inda ɗan sanda ya kifar da ɗaliba tare da kujerarta ya ja ta a ƙasa, a kan maganar wayar hannu.

A 2017 wata cibiya ta sashen shari'a na Jami'ar Georgetown ta tambayi manya yadda suke kallon yara mata. Abin da ta gano shi ne tun daga shekara 5 ake fara ɗaukar yarinya baƙar fata a matsayin wadda idonta ya buɗe, wadda ba ta buƙatar lallashi da kariya kamar sa'arta fara, wadda ta san al'amuran manya.

Wannan ne ya tsaya mini a rai, domin na san shi tun daga gida. Mu ma da wuri muke ƙwace wa yarinya ƙuruciyarta. Da ta fara tasawa sai a ce ta girma, ta isa ɗaki. 'Yar shekara goma za a ɗora wa farantin gyaɗa ko tuwon madara a tura ta tasha cikin direbobi da 'yan kamasho har bayan magariba, don a tara kuɗin kayan ɗaki. Ranar da wani ya lalata ta, tambayar farko ita ce me ya kai ta wurinsa, ta biyu kuma yaya za a rufa asiri. A Nijar, bisa ƙididdigar UNICEF, kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kafin 15. A nan wariyar launi ce ke sa a ga yarinya ta girma, a can talauci ne da tsoron abin kunya, amma a duka wuraren biyu babba ne ya yanke cewa yarintarta ta ƙare, ba tare da ya tambaye ta ba.

Ban ce nauyin ɗaya ba ne. Wadda aka kora gida na kwana uku a Brooklyn za ta koma aji ranar Litinin. Iyayen Chibok a 2014, da na Dapchi a 2018, da na Jangebe a 2021, daga cikin makarantar aka kwashe musu 'ya'ya. Uban da ya cire 'yarsa daga makarantar kwana bayan Jangebe ba jahili ba ne, kuma duk mai wa'azin ilimin 'ya mace da bai fara da maganar tsaro ba, bai shirya ba.

Inda muka sha bamban sosai shi ne wa ke riƙe da tafiyar. Ƙungiyoyin nan da suka yi tasiri, matan da abin ya shafa ne suka kafa su. Joanne Smith, wadda iyayenta suka yi ƙaura daga Haiti, ita ta kafa Girls for Gender Equity a Brooklyn a farkon shekarun 2000, kuma a can Tarana Burke ta yi aiki, wadda ta fara tafiyar Me Too ta yaƙi da cin zarafin mata ta hanyar lalata tun 2006, shekaru kafin taurarin fim su ɗauka. Kimberly Bryant injiniya ce da ta kai 'yarta sansanin koyon kwamfuta ta tarar babu wata mai kalarta, sai ta kafa Black Girls Code, mai koya wa 'yan mata baƙar fata ilimin kwamfuta, a 2011. Da Obama ya ƙaddamar da shirinsa na samari baƙaƙe a 2014, mata sama da dubu suka sa hannu a wasiƙa suka ce ina 'yan matan? A 2015 majalisar birnin New York ta buɗe nata shirin na 'yan mata, aka zaunar da su kansu a kwamitin ba da shawara.

Abin da ya fi burge ni ke nan. Yarinya 'yar sakandare za a koya mata tattara shaida daga 'yan ajinsu, a koya mata karanta kasafin kuɗin makarantu, sannan a kai ta gaban 'yan majalisa ta faɗi abin da ake yi musu da bakinta. Ba rawa da waƙar maraba aka kawo ta yi ba. Kuma suna bin magana har ta zama doka. Kitso ma sai da aka yi masa doka: a 2019 Kalifoniya ta haramta nuna wa mutum bambanci saboda gashinsa a makaranta ko wurin aiki, jihohi da dama suka bi sahu. Mai karatu a Kano zai iya yin dariya, amma an sha mayar da yara gida a kan kalaba.

A gida fa? Duk wanda ya taɓa shiga harkar ya san yadda take. Taron bita a otal a Abuja ko Kaduna, riga da hula masu tambarin mai ba da kuɗi, kuɗin mota a ambulan, hoto da 'yan mata goma sanye da hijabi iri ɗaya, sai rahoto da Turanci da za a aika Landan ko Washinton. Yarinyar da aka yi taron dominta ba ta ce uffan ba, uwarta kuwa ba ta ma san an yi ba. Da wa'adin kuɗin ya cika sai a naɗe tabarma. Sannan a yi mamakin mutanen gari sun ce aikin Turawa ne, akwai lauje cikin naɗi. Zargin nan ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen da suka ga abin da gwajin maganin sanƙarau na Pfizer ya jawo a Kano a 1996 suna da dalilin tambayar baƙo abin da ya kawo shi.

Akwai masu yin abin kirki, kuma duk irinsu ɗaya ne: 'yan gari ne. Cibiyar ilimin 'yan mata da ke Zariya, wadda Hajiya Habiba Mohammed ta daɗe tana jagoranta, ta ginu ne a kan abu mai sauƙi. Ana tara 'yan mata a wani gida da iyaye suka amince da shi, ƙarƙashin wata babbar yaya 'yar yankin, ana koya musu karatu da lissafi da yadda za su yi magana da iyayensu. Sun gane cewa uba da yawa ba boko yake ƙi ba, ya gaji ne da 'yarsa ta yi shekara shida a firamare ba ta iya karanta sunanta ba. FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya da aka kafa a Minna a 1985, ta shiga gidajen da babu ƙungiyar waje da za ta iya leƙawa. A Damagaram kuma aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, domin an san a hannun wa izini yake.

Wannan salon ma ba aro ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru tun ƙarni na 19: ta naɗa jaji, ta ɗora mata malfa, jaji ta tattaro matan ƙauye ta kai musu karatu cikin waƙa da harshen da suke ji. Abin da masu ba da tallafi ke biyan ƙwararru su zo su koya mana yanzu, shi ne wannan. Har wasu Musulmi baƙaƙen Amurka a Pittsburgh sun ɗauki sunan da tsarin suna aiki da shi, mu kuwa mun bar shi a littafin tarihi.

Ba duk abin da ake yi a nan zan so a kai gida ba. Wasu shirye-shiryen kallon iyaye suke yi a matsayin cikas, kuma akwai darussan da ni uwa zan so a nemi izinina kafin a koya wa 'yata. Wanda ya kwashi wannan ya kai Daura ko Maraɗi, ya tsallake uba da liman da mai unguwa, ranar farko zai rufe wa 'yan matan ƙofar da ake lallaɓa buɗewa. Abin ɗauka shi ne tattara hujja, da barin yarinya ta yi magana, da naci har a ga doka. Mu dokar haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, amma sai 2023 Kano ta samu tata ta kare yara, kuma sa hannu daban, aiki da ita daban.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan ma ba ta da daɗin ji. Wani bincike na gidauniyar Ms. a 2020 ya nuna cewa abin da ke zuwa ga mata da 'yan mata waɗanda ba farare ba bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na kyautar manyan gidauniyoyin Amurka ba. Gidauniyar NoVo ta iyalan Buffett ta yi alƙawarin dala miliyan 90 ga irin waɗannan 'yan mata a 2016, a 2020 ta sauya alƙibla ta bar ƙungiyoyi cikin zulumi. Asusun Fearless da ke tallafa wa mata baƙaƙe 'yan kasuwa an maka shi kotu, a 2024 ya rufe wannan shirin. Idan haka ake yi wa 'yan ƙasa, mu da ke nesa fa? A 2025 aka rushe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, ayyuka da yawa a Arewa suka tsaya cak. Shirin ilimin 'yan mata na AGILE na Bankin Duniya, da ya fara da dala miliyan 500 a 2020 a jihohi bakwai ciki har da Kano da Katsina da Kaduna, yana gyara makarantu, amma bashi ne, 'yan matan ne za su biya idan sun girma.

Mu mazauna waje muna da hannu a wannan giɓin. 'Yan Nijeriya na aika gida kusan dala biliyan 20 a shekara. Ƙungiyoyinmu na nan sun iya haɗa kuɗin gina masallaci, da na mayar da gawa gida, da na buhunan shinkafar azumi, kuma duk alheri ne. Amma a taronmu ban taɓa jin an kawo shawarar ɗaukar albashin malama ɗaya da za ta riƙa zama da 'yan mata ashirin a wani zaure a Funtuwa ba, alhali kuɗin bai kai na walimar suna guda a Bronx ba. Attajiran Kantin Kwari da Singa ma suna fitar da zakka duk shekara, hukumomin zakka da waƙafi na jihohi suna nan. Malamar da mutanen gari ke biya, babu mai ce mata 'yar aiken Turawa, kuma aikinta ba ya tsayawa don an canja shugaba a Washinton.