Kamun farar hula: zargin wa ake yarda da shi?

Ranar 23 ga Fabrairun 2020, Ahmaud Arbery, baƙar fata ɗan shekara 25, ya fita gudun motsa jiki a wata unguwa kusa da garin Brunswick na jihar Jojiya a Amurka. Gregory McMichael da ɗansa Travis suka ɗauki bindigogi suka bi shi a mota, wai suna zargin ɓarawo ne. Maƙwabcinsu William Bryan ya rufa musu baya yana ɗaukar bidiyo da waya. Travis ya harbe shi har lahira.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne abin da ya biyo baya. 'Yan sanda sun zo, sun ga gawa, sun saurari masu bindiga, suka sallame su. Gregory tsohon ɗan sanda ne, ya kuma yi aikin bincike a ofishin mai gabatar da ƙara na yankin. Na gida ne, shi ya sa maganarsa ta zama hujja. Wani mai gabatar da ƙara, George Barnhill, har rubutawa ya yi cewa babu dalilin kama kowa, yana dogaro da dokar 1863 da ta ba farar hula ikon kama mai laifi, dokar da aka kafa tun bauta tana nan daram a Jojiya. Bidiyon kuwa yana hannun hukuma tun farko. Sai da ya bazu a intanet, bayan kwana 74, aka kama uba da ɗa.

Masu kare irin wannan doka suna cewa ɗan sanda ba ya ko'ina. Haka ne. Amma shi an koya masa aikin, yana da lamba da ofishin da za a kai ƙararsa, duk da haka ake kuka da son zuciyarsa. Ina ga wanda launin fatar baƙo kaɗai ya ishe shi shaida?

Jojiya ta soke dokar a 2021, aka kuma yanke wa mutanen uku ɗaurin rai da rai a Janairun 2022.

Kada mu ce can ne kawai. A Maris ɗin 2025 'yan sintiri sun tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar Kano don yin Sallah. Dokar Najeriya ta ce wanda ya kama mutum ya miƙa shi ga 'yan sanda. Mutum 16 aka kashe a wurin.