A bari a fara wanke haƙorin tukuna

Marubucin wani labari da na karanta ya ce manna ɓawon tangaran (siririn murfin da likita ke liƙawa) a kan haƙori ya fi bilicin ɗin likita saurin ba da farin haƙori. Amma bai gaya wa mutane abin da ake rasawa ba. Kafin a manna tangaran ɗin, sai likita ya kankare gaban haƙorinka wajen rabin milimita, kuma abin da aka kankare ba ya sake tsirowa har abada. Bayan shekara 10 zuwa 15 galibi sai an sake wani, kuɗi kuma sabo.

Ƙanwata ta dage sai tangaran saboda bikinta. Da likita ya duba, ya ce mata dattin shayi ne da goro kawai. Ya kankare mata dattin da na'ura, sannan ya ba ta roba daidai bakinta da sinadarin bilicin mai suna peroxide tana sawa a gida na kusan sati biyu. Kwanakin farko ruwan sanyi ya riƙa tsira mata haƙori, tana riƙe kunci, daga baya ya wuce. Wallahi ranar ɗaurin aure haƙoran nan tas.

Inda tangaran yake da amfani shi ne haƙorin da ya gutsure, ko baƙin da ya shiga ciki tun yarinta, irin na maganin tetracycline ko ruwan rijiya mai yawan sinadarin fluoride. Bilicin kuma ba ya canza launin cikon da likita ya yi wa haƙori. Don Allah 'yan uwa, a daina goga gawayi da lemon tsami, cinye haƙorin suke yi.