Castlereagh da alƙawarin da aka yi wa Katolikan Ayilan

Har gobe mutanen Ayilan suna kiran Robert Stewart, wanda aka fi sani da Lord Castlereagh, mutumin da ya sayar musu da majalisa. Ba ƙazafi suka yi masa ba. Sai dai a ganina laifinsa mafi nauyi shi ne alƙawarin da ya bari aka yi wa Katolika da fatar baki, alhali babu tabbacin Sarkin Birtaniya zai amince.

A Dublin aka haife shi a 1769, ɗan gidan masu gonaki ne na Mount Stewart a gundumar Down, kuma ya shiga majalisar Ayilan a 1790 yana ɗan shekara 21. Lokacin tawayen da 'yan Ayilan suka yi wa mulkin Birtaniya a 1798 shi ke riƙe da ofishin Babban Sakataren Ayilan. Da aka murƙushe tawayen, Firaministan Birtaniya William Pitt ya yanke cewa a rushe majalisar Dublin a haɗa ta da ta Landan, aka ɗora wa Castlereagh aikin.

Gwajin farko a Janairun 1799 bai yi nasara ba, domin an nemi 'yan majalisa su kashe kujerunsu ba tare da diyya ba. Majalisar wakilai tana da kujeru 300, kuma da yawansu na ƙananan mazaɓu ne da attajiri ɗaya yake naɗa wanda ya ga dama, har ma ya sayar da kujerar kamar yadda ake sayar da rumfa a kasuwa. Castlereagh ya fahimci nan ne gizo ke saƙa. Sai aka yanka fam 15,000 ga kowace mazaɓa da za a soke, mazaɓu 84, jimilla fam 1,260,000, kuma aka biya har masu adawa. Masu son sarauta aka yi musu alƙawarin sarauta, masu son muƙami ko fansho aka ba su. Wanda ya taurare kuma yana riƙe da muƙamin gwamnati aka sallame shi, kamar Sir John Parnell mai kula da baitulmali. A 1800 dokar ta wuce, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1801. Ayilan ta samu kujeru 100 a majalisar wakilai ta Landan, da masu sarauta 28 da bishop 4 a majalisar dattawa.

To, ga inda aka yi ɓarna. Katolika su ne mafi rinjaye a ƙasar. Tun 1793 suna iya jefa ƙuri'a, amma ba su da ikon zama a majalisa. An nuna wa manyansu, har da Akbishop Troy na Dublin, cewa da zarar an haɗe za a cire wannan shingen, shi ya sa suka goyi baya ko suka yi shiru. Amma ba a sa shi cikin dokar ba, kuma ba a fara samun yardar Sarki George na Uku ba. Da maganar ta isa gare shi ya ce ta saɓa wa rantsuwar da ya yi ranar naɗinsa. Pitt ya ajiye aiki a 1801, Castlereagh ma haka. Ina girmama wannan murabus, amma bai mayar wa kowa komai ba: majalisa ta riga ta tafi, Katolika kuwa sai 1829 suka samu haƙƙin, bayan jagoransu Daniel O'Connell ya ci zaɓen gundumar Clare a 1828 ya tilasta wa gwamnati.

Abin da ke ci mini rai shi ne mutumin ya iya ɗaure yarjejeniya. Yana Ministan Harkokin Wajen Birtaniya daga 1812, shi ya haɗa Birtaniya da Rasha da Ostiriya da Purushiya a yarjejeniyar Chaumont ta 1814, a rubuce: kowace ƙasa soja 150,000, Birtaniya ta ba da tallafin fam miliyan 5, babu mai yin sulhu da Napoleon shi kaɗai. A taron Vienna, inda manyan ƙasashen Turai suka zauna bayan faɗuwar Napoleon, ya hana a wulaƙanta Faransa, ya kuma samo sanarwar la'antar cinikin bayi a 1815.

A gida kuwa ƙiyayya ta bi shi, musamman da ya kare gwamnati bayan kisan Peterloo na 1819, inda dakaru suka afka wa masu zanga-zanga a Manchester. Ya kashe kansa a Agustan 1822, kuma a ƙofar cocin Westminster Abbey an ji wasu cikin jama'a suna yi wa gawarsa ihu.