Ba yaji ke kawo olsa ba

A gindin masu tsire a Garwa sai ka ji ana cewa, "Malam, rage yajin nan, kar ka jawo wa kanka olsa." An ɗora wa barkono laifin da ba nasa ba. Yawancin gyambon ciki ƙwayar cutar Helicobacter pylori ke haddasa shi, sai kuma yawan shan magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda 'yan ƙwallon unguwa ke haɗiya kamar gyaɗa bayan wasa.

Wani likita ɗan Ostireliya, Barry Marshall, har ƙwayar ya kurɓa a 1984 don a yarda da shi cewa ita ke kawo ciwon, kuma cikinsa ya ɗauki ciwo. Shi da abokin bincikensa Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005 saboda wannan binciken. Wanda gyambon ya riga ya kama kam, yaji kan iya tayar masa da zafi.