Ga masu shirin jarrabawar aikin gwamnati: sashen sanin duniya ba sa'a ba ne

'Yan'uwana masu neman aikin gwamnati, akwai sashe guda a jarrabawar ɗaukar aiki da ake rainawa har sai ya kayar da mutum, wato sashen sanin duniya da al'amuran yau da kullum. Mutum zai ba lissafi wata biyu, ya ba harshe wata guda, sai ana saura kwana uku ya buɗe wani fayil da aka turo masa a WhatsApp mai tambaya dubu da amsoshinsu, ya duƙufa hadda. In ya fito daga ɗakin jarrabawa ya ce ai wannan sashen sa'a ne, duniya tana da faɗi, wa zai iya karance ta? Abin yana damuna ƙwarai, domin nan ne maki ya fi arha. Tambayar lissafi tana iya cin minti biyu, amma tambayar sanin duniya, in ka sani, daƙiƙa goma ta ishe ka, sauran lokacin ka kai shi inda ake buƙata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiya ne duniya tana da faɗi, amma mai fitar da tambaya ba ya yawo a cikinta duka. Yana da wuraren da yake komawa shekara bayan shekara, kuma tambayoyin baya ne ke tona su. Shi ya sa nake cewa amfanin tambayoyin baya yana jikin tambayar, ba jikin amsar da wani ya rubuta a ƙasanta ba. Ka nemo na shekara uku zuwa biyar na hukumar da kake nema, ka ɗauki takarda ka ja layuka, ka rubuta kanun fannoni: tsarin mulki da gwamnati, tarihi, labarin ƙasa, tattalin arziki, ƙungiyoyin duniya, kimiyyar yau da kullum, labaran shekara, sai aikin ita hukumar kanta. Kowace tambaya ka karanta, ka sa mata ɗigo a ƙarƙashin fanninta, kada ka damu da amsa tukuna. Tambaya ɗari uku ba za ta ci maka fiye da yamma biyu ba. In ka gama, ƙirga ɗigon. Wannan takardar ce manhajarka ta gaskiya, ita za ta faɗa maka inda za ka zuba lokaci. In fanni ɗaya ya kwashe kashi talatin cikin ɗari, ka ba shi kashi talatin na lokacinka, ko da ba ka sonsa. Hukumar da ke ɗaukar jami'an haraji ba za ta yi tambaya irin ta mai ɗaukar malaman makaranta ba, don haka tambayoyin wata hukuma ba sa tsaya maka a madadin na taka.

Yanzu ga inda akasari ake zubar da maki. Ilimin wannan sashen iri biyu ne: akwai wanda ba ya motsi, akwai wanda ke motsi. An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, wannan ya zauna har abada. Amma yawan mambobin wata ƙungiya, da sunan mai riƙe da wani muƙami, da babban birnin wasu ƙasashe, duk suna canzawa, kuma fayil ɗin da ke yawo a waya bai san sun canza ba. Wanda ya haɗa shi ya kwafo daga wani, shi ma daga wani, ba kwanan wata, ba sunan mai shi.

Duba kaɗan. Tarayyar Turai tana da mambobi 28, har Birtaniya ta fice ranar 31 ga Janairun 2020 suka koma 27. ECOWAS ta daɗe da mambobi 15, sai Mali da Burkina Faso da Nijar suka kammala ficewa a Janairun 2025 suka koma 12. Tarayyar Afirka ta zama mai mambobi 55 ne bayan Maroko ta dawo a 2017. Suwaziland ta koma Eswatini a 2018. Babban birnin Kazakistan sunansa Astana, aka mayar da shi Nur-Sultan a 2019, aka sake mayar da shi Astana a 2022, wato wanda ya haddace amsar tsakiya ya faɗi, alhali a lokacinta daidai ce. Ƙasar da ta fi yawan jama'a a duniya, tsofaffin littattafai duk Sin suka rubuta, amma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna Indiya ta sha gabanta a 2023. Ko kimiyya ba ta tsira ba: tun 2006 aka cire Pluto daga jerin manyan duniyoyin da ke kewaya rana, suka rage takwas, amma har yau za ka ci karo da takardar da ke cewa tara.

Maganin wannan mai sauƙi ne, sai dai yana son ladabi. Ka riƙe littafi biyu. Na farko na abin da ba ya motsi, ka rubuta da biro. Na biyu na abin da ke motsi, ka rubuta da fensir, kuma kowace amsa ka sa mata ranar da ka tabbatar da ita a gefe. Tabbatarwar kuma daga tushe: shafin intanet na ƙungiyar, ko na ma'aikatar, ko kafar labarai mai mutunci. Ana saura mako biyu jarrabawa ka bi littafin fensir layi-layi ka sake dubawa. Ministoci da gwamnan babban banki da shugabannin hukumomi su ne suka fi saurin sauyawa, su za ka fara bi.

Kundin tsarin mulkin ƙasarka kuwa, don Allah karanta shi da kanka. Mutane suna tsoronsa saboda kauri, sai su nemi taƙaitawar wani, ita kuwa taƙaitawa ƙididdiga take fara zubarwa, ƙididdigar nan kuma ita ake tambaya. Ba sai ka karance shi bango zuwa bango ba. Ka ja jadawali, a gefe ka jera manyan muƙamai: shugaban ƙasa, 'yan majalisa, babban alƙali, babban mai binciken kuɗi, shugaban hukumar zaɓe. A sama ka jera tambaya biyar: mafi ƙarancin shekaru, tsawon wa'adi, wa ke naɗawa, wa ke tabbatarwa, ta yaya ake tsigewa. Sai ka shiga kundin kana farautar abin da zai cike kowane gurbi, kana rubuta lambar sashe a gefe. Kafin jadawalin ya cika ka fahimci yadda ɓangarori uku na gwamnati ke taka wa juna birki fiye da wanda ya haddace ma'anarsu. Ka ƙara da babin haƙƙoƙin ɗan ƙasa da hanyar yi wa kundin gyara, sannan ka tabbata kwafin da ke hannunka ya ƙunshi gyare-gyaren baya-bayan nan. Dokar da ta kafa hukumar da kake son shiga ma haka: shekarar kafawa, aikinta, ma'aikatar da take ƙarƙashinta, jerin muƙamanta daga ƙasa zuwa sama. Abin kunya ne mutum ya san babban birnin ƙasar da ba zai taɓa zuwa ba, ya kasa faɗin aikin gidan da yake roƙon a ɗauke shi.

Wani abin lura shi ne yadda ake gina amsoshin bogi. Mai fitar da tambaya ba ya ɗauko su daga nesa, maƙwabtan amsar gaskiya yake jerawa. Saboda haka duk abu biyu masu kama, ka karance su tare a shafi ɗaya. Kotun Duniya da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya duk a birnin Hague suke, amma ta farko reshen Majalisar Ɗinkin Duniya ce mai raba gardama tsakanin ƙasashe, ta biyu kuwa yarjejeniyar Rum ta 1998 ce ta haife ta, ta fara aiki a 2002, kuma mutane take tuhuma ba ƙasashe ba. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya duk daga taron Bretton Woods na 1944 suka fito, duk a Washinton suke, amma ɗaya ayyukan raya ƙasa ya sa gaba, ɗaya kuma daidaiton kuɗi da ceton ƙasar da ta rasa kuɗin waje. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka 1963, Tarayyar Afirka da ta gaje ta 2002. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da kujeru 15, biyar na dindindin, goma ana zaɓensu na shekara biyu. Wanda ya riƙe biyar kawai, ranar da aka tambayi jimilla zai ga biyar ɗin a cikin zaɓi tana kiransa.

Labarin ƙasa ba a koyonsa da jerin sunaye. Ka samo taswira marar rubutu, ka buga kwafi goma, ka riƙa cikewa da ka sannan ka duba: jihohi ko lardunan ƙasarka, maƙwabta, manyan koguna, inda ma'adinai suke. A manyan birane ka fi kula da ƙasashen da birninsu mafi shahara ba shi ne fadar mulki ba, irin Turkiyya da Ankara, Ostireliya da Kanbera, Kanada da Ottawa, Maroko da Rabat. Tarihi kuma layi ɗaya ka ja a doguwar takarda ka jera shekaru a kai, domin tambayar “wanne ya riga wanne” ta fi kama wanda ya haddace shekaru a warwatse.

Labaran yau da kullum, minti ashirin a rana sun isa, in dai da biro a hannu. Kafa ɗaya ko biyu masu inganci, layi biyar a littafi: wa, me, yaushe, a ina. Ka koma baya wata goma sha biyu daga ranar jarrabawa. Naɗe-naɗe, sababbin dokoki, kasafin kuɗi, manyan taruka, lambobin yabo, zakarun manyan gasanni. Cacar bakin 'yan siyasa ba ta fitowa, kada ka ɓata mata tawada. Sirrin kuwa shi ne kowane labari ka ɗaure shi da abin da ba ya motsi. An shigar da Tarayyar Afirka cikin G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a taron Indiya na Satumban 2023. To a nan take ka tambayi kanka ina hedikwatar Tarayyar, ka rubuta Addis Ababa, wace ƙasar Afirka ce ke cikin G20 tun kafin nan, ka rubuta Afirka ta Kudu. Labari ɗaya ya ba ka amsa uku.

Duk wannan ba zai zauna ba in maimaita karatu kawai kake yi. Idon da ya saba da shafi yana yaudarar mai shi, ka ga abu ka ji kamar ka sani, sai an rufe littafin ka nemi shi ka rasa. Tun 1885 masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. A 2006 kuma wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai: waɗanda suka maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su tuno da ka ne suka yi gaba. Don haka ka yanka ƙananan katuna, tambaya a gaba, amsa a baya, abu ɗaya tak a kowane kati. Sabon kati ka gwada shi gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai mako biyu, sai wata. Wanda ka kasa amsawa ya koma farko. Sabbin katuna goma sha biyar a rana sun wadatar. A wata biyu ka tara ɗari tara, kuma naka ne, ka san inda kowanne ya fito. In ka zari hamsin a rana, kafin mako biyu bitar za ta fi ƙarfinka ka watsar.

Kowane mako ka zauna gwaji guda da agogo, ba waya, ba tashi. Bayan gwajin kada ka tsaya a kallon maki. Kowace tambaya da ka faɗi ka rubuta dalili: ban taɓa sani ba, na sani na rikita da maƙwabcinsa, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Na farko kati yake so, na biyu shafin kwatance, na uku kuwa nutsuwa, musamman a tambayoyin da ke cewa “wanne ne ba ya ciki”, inda mai gaggawa ke cafke amsar gaskiya ta farko da ya gani alhali wadda ba daidai ba ake nema.

Kafin ranar, ka binciki abu biyu a sanarwar hukuma: yawan tambaya da lokaci, da kuma ko ana zaftare maki a kan kuskure. Tambaya ɗari a minti sittin, daƙiƙa 36 ke nan kowacce, don haka zagayen farko ka amsa waɗanda ka sani kai tsaye, ka sa wa sauran alama ka dawo. In ba a zaftarewa, kada ka bar gurbi ko ɗaya. In ana cire sulusin maki a kan kowane kuskure kuma zaɓi huɗu ne, ga lissafin: ka yi canki-canka a tambaya goma sha biyu, a matsakaici ka ci uku ka faɗi tara, taran su cinye ukun, ka tashi a tutar babu. Amma in ka iya kore zaɓi biyu a kowacce, ka ci shida ka faɗi shida, a cire biyu, ka tsira da huɗu. Wato wadda ka kore mata biyu ka amsa, wadda ba ka san komai a kanta ba ka bar ta.

In a kwamfuta za a yi, kuma hannunka bai saba ba, ka nemi inda za ka yi gwaji biyu ko uku a kanta tun da wuri. Ka san maɓallin wucewa gaba da na komawa baya, ka san inda agogo yake a allon, ka kuma gane maɓallin miƙa jarrabawa da kyau, domin a yawancin manhajoji da zarar ka danna shi ka tabbatar, ba a sake buɗe maka.