Wa ke riƙe da wayar?

Tun jiya ake ta yi min ruwan zagi saboda na ce farin jinin 'yan Big Brother Naija, gasar talabijin da ake kulle mutane a gida ɗaya masu kallo suna kaɗa musu ƙuri'a, aikin masu PR ne, wato masu sana'ar tallata mutum da gyara masa suna. Wata har da cewa hassada ce ke cin raina, wai tauraruwarta Allah ne ya ɗaga ta, babu hannun kowa. To Hajiya, na ji, Allah ke ɗaga bawa, babu mai ja. Amma ki ba ni amsar tambaya ɗaya tak kafin ki ci gaba da zagin: wa ke riƙe da wayarta?

Yarinyar nan an kulle ta a gida wajen mako goma. An karɓe wayarta tun kafin ta taka ƙofa. Ba ta san wainar da ake toyawa a waje ba, ko gwamnati aka canza sai ta fito za ta ji. Amma shafinta na Instagram bai taɓa yin barci ba. Da asuba an saka hotonta da addu'a, da rana an yanko bidiyon daƙiƙa talatin inda take kuka, an ɗora masa kiɗa mai taɓa zuciya, da daddare an raba katin waya ga wanda ya fi kaɗa mata ƙuri'a. Aljanu ne suke yi? Akwai mutum zaune a Legas, ana kiransa handila, shi ne bakinta, shi ne fuskarta, shi ke zaɓar abin da za ki gani da abin da za a binne. Awa 24 kyamara take ɗauka a gidan. Ke minti nawa kike kallo? Abin da aka yanko miki kawai. Wanda ya yi yankan shi ya gina matar da kike mutuwar so.

A bikin gargajiya kowa ya san aikin maroƙi. Ya ɗaga murya ya ce ga ɗiyar wane jikar wane, a yi ta liƙi, kuma babu wanda yake rantsuwa cewa kirarin daga sama ya faɗo, don an ga lokacin da aka cusa masa kuɗi a aljihu. Mai PR maroƙi ne da kwamfuta, bambancin kawai shi yana ɓuya, ku kuma kuna rantsuwa babu shi.

Sai wani ya ce min ai ƙuri'a ce, jama'a ke zaɓa. Madalla da dimokuraɗiyya! Ƙuri'ar da mutum ɗaya zai kaɗa ɗari a zama guda? Ƙuri'ar da yawanta ya danganta da tsadar kuɗin DStv ko GOtv da ka biya a wata? A zagayen 2020 kamfanin MultiChoice mai DStv da GOtv ya ce an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan 900. Mu nawa ne a ƙasar gaba ɗaya? Waɗannan ƙuri'un tara su ake yi: a buɗe zauren WhatsApp, a yi karo-karo, a saya wa matasa data su kwana suna dannawa. Wani ne yake tsara wannan. Wani ne ya raɗa wa magoya bayan 'yan gasar suna, 'yan Tacha su zama Titans, 'yan Laycon su zama Icons, 'yan Erica su zama Elites, har mutum ya ji kamar ƙabilarsa aka taɓa idan an soki wanda bai san da zamansa a duniya ba.

Kuma kada a juya min magana. Ban ce Laycon ba shi da basira ba. Yaron yana da kai, ya ci gasar 2020 da kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un ƙarshe, ya tafi da kyautar da ta kai naira miliyan 85. Amma waƙoƙin da ya saki kafin ya shiga gidan, yana can a kulle suka fara tashe a waje. Wa ya yi ta tura su? Wa ke riƙe da wayar?

Ga abin da ya fi ƙona min rai. Ku duba waɗanda suka ci gasar da waɗanda suka yi suna, ba layi ɗaya ba ne. A 2006 Katung Aduwak ɗan jihar Kaduna ne ya ci zagayen farko. Ebuka na takwas ya zo. Yau wa kuka sani? Ebukan ne yake gabatar da shirin tun 2017. A 2017 Efe ne ya ci, amma Bisola da ta zo ta biyu ita ce ta cika fina-finai da tallace-tallace. Miracle ya ci a 2018, ya tattara ya koma harkar tuƙin jirgi, aka daina jin ɗuriyarsa, don ya ƙi shiga wasan tallata kai. Tacha kuwa korar ta aka yi a 2019 bayan rigimarta da Mercy, ko wasan ƙarshe ba ta kai ba, amma kafin shekarar ta ƙare labarinta ya fi na wasu da suka kai ƙarshe yawo, har da motar Benz da aka ce magoya baya sun ba ta ranar zagayowar haihuwarta. Ko ma wa ya biya kuɗin, akwai wanda ya kira mai kyamara, akwai wanda ya tura wa shafukan gulma a daren. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu bari in ajiye barkwanci. Ni ba na ƙin sana'ar, halak ce in an yi ta da gaskiya, kuma masu yin ta sun iya. Tausayi nake ji wa ƙannenmu da suke kallon wannan suna ɗauka cewa in ka yi kyau ka iya surutu a gaban kyamara shi ke nan ka haye. Suna zubar da mutunci a TikTok kyauta, suna jiran kamfani ya kira su jakadanci, ba su san cewa waccan da suke kwaikwayo tana da manaja da mai ɗaukar hoto da mai rubuta mata ban haƙuri in ta yi ɓaranɓarama ba. Can Amurka ma haka ne, 'yan gidan Kardashian sun yi shekara 14 a talabijin daga 2007, kuma uwarsu Kris Jenner ce manajarsu, tana yankar kashi goma. Su ba sa ma ɓoyewa. Mu ne nan muke kiran abin baiwa.

Af, tunda ana maganar DStv, mai gidan kallon unguwarmu, Malam, don girman Allah ka ji tsoron Allah. Kuɗin ƙwallo muka biya ranar Lahadi, ana tsaka da wasa ka mayar mana tashar da za a ga wa aka kora daga gida, wai yaran baya sun fi mu yawa. In haka ne ka sayi talabijin na biyu, ko ka dawo mana da canjinmu.